Ranar da Aka Auna Tiyata

Ban taɓa mantawa da ranar da aka auna tiyata a kasuwar Gwiwa ba. Kaka ce, riɗi ya fara fitowa, wata biyu ke nan da 'yan'uwana masu sayen hatsi suka zaɓe ni shugaba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, tiya kwanon awo ce. Mai saye yakan kai tasa wajen maƙeri a bubbuga gindinta ya zurfafa, sai ta riƙa cin fiye da ƙa'ida. Manoma suka yi ta kuka, ni kuwa na kafa doka: za a cika tiyar ƙungiya da gero a juye a ta kowa. Wadda ba ta cika ba a fasa ta, mai ita ya huta kasuwa uku.

Da hantsi muka shimfiɗa tabarma. Sakatarenmu, Malam Isyaku, ya matso kusa da kunnena.

"Alhaji, taka fa kar a fito da ita. Wa zai ce a auna shugaba?"

Ya san dalilinsa, ni ma na sani. Tun ina bin ƙauyukan Roni a keke na sa aka bubbuga gindin tiyar nan. Da na samu rufin asiri ban canza ta ba, na dai daina kallon gindinta. Kasuwa uku a tsakiyar kaka kuwa, abokan cinikina na Babura za su koma wajen wani.

Na ce, "Malam Isyaku, da tawa za a fara."

Aka juye geron. Ya tsaya yatsa biyu ƙasa da baki. Sai wani dattijon manomi, Baba Jibo, da ya daɗe yana sayar mini, ya leƙa ya ce, "To Alhaji, ashe tare muke noman nan ban sani ba."

Aka yi dariya, ban da ni. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Na karɓi guduma na fasa ta da hannuna, na ɗaure buhunana. Bayana babu wanda ya yi gardama. Waɗanda suka cusa tasu ƙarƙashin buhu da kansu suka fito da su.

Na yi hutuna cif. Mutum biyu na Babura sun tafi, har yau ba su dawo ba. Ran da na koma, na tarar da Baba Jibo zaune kan buhunan riɗinsa. Mako uku bai sayar wa kowa ba.

Ya ce, "An ce ka yi sabuwar tiya. Fito da ita mu gani."

Ku masu tasowa, abin da na koya ke nan. 'Yan kasuwa sun san halin shugabansu tun kafin ya buɗe baki, jira kawai suke su ga ko shi ma ya san kansa. Fasasshiyar tiyar tana rataye a shagona a Kazaure. Duk wanda ya tambaya, nakan gaya masa tawa ce.