Kujerar Shugaba Kathamuthu

Shekara sittin Kathamuthu ya yi yana ratsa layin masu gonaki da takalminsa a hannu, don shi Dalit ne, daga zuriyar da ake ƙyamar ko taɓa su, ƙasar layin kuwa ba ta jure takalmin irinsu. Sana'arsa kiɗan gawa, gado daga ubansa. Kwatsam sai ga takardar gwamnati: bisa tsarin mulki, shugabancin majalisar ƙauyen a wannan karo na Dalit ne. Manyan gari suka duba, suka zaɓo wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalle su ba. Ya ci zaɓe ba hamayya.

Burinsa bai taka kara ya karya ba. Gwiwoyinsa sun gama aiki, so yake ko sau ɗaya ya zauna a kujerar katakon nan mai hannuwa, kujerar shugaba.

Ranar taron farko ya tarar da ofis wayam. Mataimakinsa Velusamy, mai rabin gonakin shinkafar garin, ya tare shi da fara'a.

"Shugaba! Doka ta ce kowa daidai yake da kowa, ko ba haka ba? To mun kwashe kujerun. Kowa ya tsaya."

"Ayya, ƙafafun nan nawa fa..."

"Kai da kake wuni a tsaye kana dukan ganga? Dangwala nan, kar ka ɓata mana lokaci."

Haka aka shekara huɗu ana dimokuraɗiyya a tsaye. Da an tashi taro, manya su koma barandar Velusamy, inda kujerun suka yi hijira, su sha shayi su yanke abin da za a yi. Sau ɗaya jami'in gunduma ya zo duba aiki, aka fito da kujerar aka goge ta. Kathamuthu ya lanƙwasa gwiwa ke nan Velusamy ya ce, "Haba Shugaba, baƙo yana tsaye?" Jami'in ya zauna, ya yaba haɗin kan ƙauyen ƙwarai. Ranar sai da tsohon ya yi kuka a gida, matarsa Arukkani tana shafa masa mai a gwiwa tana zage-zage.

Ya mutu wa'adinsa bai cika ba. A al'adarsu, zaunar da mamaci ake yi a kujera, a rataya masa furanni, jama'a su yi masa ban kwana. Arukkani ta nufi barandar Velusamy, takalminta a ƙafa, ta sunkuci kujerar ta ɗora a ka.

"Ke! Ina za ki da ita?"

"Shugaba zai zauna, ranka ya daɗe. In ya gama a dawo maka da abarka."

Wuni guda Kathamuthu ya yi a kan kujerar, ya kame, abin gwanin sha'awa. Da yamma ta aika a mayar. Velusamy ya rantse kujerar da gawar Dalit ta hau ba za ta shigar masa gida ba. Tana nan a ƙofar ɗakin Arukkani, kowa ya gaji a unguwar sai ya zauna.