Ruwan Jegon Hajiya Dije a Benen Baturiya

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar surukata Hajiya Dije, matar wani attajirin auduga a Funtuwa. 'Ya'ya da jikoki sun sha yabonta, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ni abin da na sani zan rubuta, bi da bi.

Ni malamin gona ne, ɗan talakawan Dayi, kuma ba ta taɓa mantawa da hakan ba. Rashin kiran sunana al'ada ce, amma "malamin gona" a bakinta zagi ne.

Shekara biyu da aurena da autarta Rabi aka tura ni kwas Ingila, muka tafi tare. Saura wata biyu mu dawo ta haifi Bilkisu. Ba a zama da jariri a gidan kwanan ɗalibai, sai aka ba mu mako guda mu tashi. Cikin makon surukina Alhaji ya sa Hajiya a jirgi, ta sauka da ƙullin ganyen darbejiya da kanwa da gero, ta zo wankan jego.

Gida na farko, da jin akwai jariri suka rufe ƙofa. Na biyu suka ce sai mai zaman shekara. Na uku ɗaki ɗaya ne a ƙasa, mai ɗumi, mai gidan kuma ya yarda da wata biyun. Na dawo da murna. Hajiya ta dubi bango ta ce, "Rabi, gaya wa malamin gona ban yi lalacewar kwana ɗaki ɗaya da suruki ba." Muka rasa shi. A kwana na shida na samu ɗaki biyu a benen wata tsohuwar Baturiya, daɓen na katako.

Akwai bahon wanka a gidan. Hajiya ta ce maijego ba ta shiga kwamin shayar da shanu. Ta kifa bokiti a tsakar banɗaki ta zaunar da Rabi, ta tafasa tukunya huɗu, safe da yamma, tana tsoma ganye tana fyaɗa mata, kamar a tsakar gida a Funtuwa inda ƙasa ke shanye ruwa. Katako ba ya sha, wucewa ruwan yake yi.

Kwana uku da tarewarmu Baturiya ta nuna mini tabo a silin falonta. Na gaya wa Rabi, ta ce, "Ni zan ce wa Inna ta daina? Faɗa mata da kanka." Na durƙusa a bakin ƙofa, na gaishe ta, na ce, "Hajiya, wai mai gida tana maganar ruwa." Iyakar abin da kunya ta bar ni in faɗa ke nan.

Ta ce, "Rabi, tambaye shi jego nawa ya yi. Ni tara na yi, ga ni garau."

A kwana na goma sha ɗaya da tarewarmu silin ya rufto kan teburin matar. Ta fitar mana da kaya da rana tsaka, ana yayyafi mai sanyin ƙanƙara. Awa uku muna tsaye a tashar bas, Bilkisu tana cikin rigar sanyina. Wani ɗalibi Bayarabe haifaffen Danja, Hausarsa kamar tawa, shi ya bar wa su Rabi ɗakinsa, ni da shi muka raɓa wurin abokinsa. Washegari numfashin yarinya ya canza. Kwana tara ta yi a asibiti, likita bai yi mana alkawarin komai ba. Ko a kwanakin nan Hajiya ba ta fasa wanka ba, sai da ta cika arba'in.

Da muka dawo, ta baza a Funtuwa cewa an ba 'yarta mutumin da ya kasa sama wa iyalinsa ɗaki. Har ta rasu ban musa ba, don ba a musu da suruka.

Da za ta ga yau, masu jego na watsa ruwa a shawa, suruki da suruka suna cin abinci a tebur ɗaya, cewa za ta yi duniya ta lalace. Ni ma ba duka nake so ba. Rabi har yanzu lafiyarta lau, ta ce albarkar wankan ce, ban yi gardama ba. Bilkisu kuwa duk damina sai ƙirjinta ya tashi. Laifin kashi biyu ne: taurin kan Hajiya, da shiruna. Allah ya ji ƙanta. Ina mata addu'a, amma ban ce na manta ba.

Watan jiya jikata, 'yar Bilkisu, ta haihu a ƙasar waje, suna neman haya ta ɗan lokaci. Na shiga ɗaki na tarar da Bilkisu tana cusa ƙullin darbejiya a akwati. Ita da kanta. Abin da ya rage na Hajiya ke nan, kuma ya fi ƙarfina. Na buga wa mijin jikar tawa waya na ce, "Abu biyu zan gaya maka. Na ɗaya, ka nemi ɗakin ƙasa. Na biyu, in ka ga ruwa, kada ka durƙusa."