Tayoyin da Ɗalhatu Ya Saya Sau Biyu

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, tsakanin Azahar da La'asar, Allah Ya karɓi ran surukina Ɗalhatu Ghali Malumfashi a nan Ƙatar. Ya sauke ma'aikatan kamfaninsu a Al Wakrah, ya gyara tsayuwar bas, ya kashe inji, ya kifa kansa a kan sitiyari. Mai gadin wurin ya ɗauka hutawa yake yi. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba.

Ɗalhatu, yau ne karo na farko da na kira sunanka, kuma a takarda na kira shi. Shekara bakwai kana auren 'yata Haulat, ban taɓa kama sunanka ba, da aka haifi jikata na koma ce maka Baban Firdausi, kai kuma ba ka taɓa ɗaga ido ka kalle ni ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ba na nadamar wannan. Abin da nake nadama daban ne, shi ya sa na ɗauki biro duk da gajiyar da ke jikina. Yau kwana goma sha biyu muna karɓar gaisuwa. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, barci kuma ba ya zama.

Na zo ƙasar nan shekara uku da 'yan watanni da suka wuce, lokacin da Haulat ta haifi Firdausi tana tsakiyar karatun digirinta na uku. Jirgin da ya kawo ni ya wahalar da ni. Kunnena ya toshe, jinina ya hau, ƙafafuna suka cika kamar an hura su, sai a keken marasa lafiya aka fito da ni. A motarka, a hanyar zuwa gidanku na Mu'aither, na ce ni da jirgi sai ranar komawa Funtuwa, in ma Allah Ya nufa zan koma. Haulat ta ce, "To Mama, Umarar da kike fata fa?" Na ce Allah Ya ga niyyata. Kana tuƙi, kana jin mu.

Bayan wata biyu ka shigo da wani abu tsakar gida. Tsohuwar a-kori-kura ce, an ɗora mata ɗaki a baya, irin wanda Larabawa suke fita da shi sahara lokacin sanyi, suna kiransa karafan. Wani dattijo a Al Wakrah ya jingine ta shekaru a bayan gidansa. Fentin ya ƙone, rufin yana yoyon yashi, katakon ƙasa ya rube, mage ta haihu a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce wa Haulat, da ƙarfi don ka ji, "Mutane suna zuwa ƙasar Larabawa su gina gida a garinsu, mijinki ya zo ya sayi akurkin kaji."

Ba a gaya mini don me ka saye ta ba, sai daga baya. Ni kuma ban tambaya ba.

Juma'a ce kaɗai ranar hutunka. Kana dawowa daga masallaci sai ka tuɓe farar riga ka shiga ƙarƙashin motar nan. Ka kankare tsatsa, ka canja katako, ka liƙe rufi, ka kai ta aka yi mata walda, ka ƙara mata ƙarfen da ke riƙe nauyi a baya. A watannin da zafi yake hana tsuntsu tashi, kana can kana jiƙa tawul kana ɗorawa a ka. Na yi faɗa a kan man inji da ya ɓata tsakar gida. Na yi faɗa a kan ƙarar guduma lokacin barcin yarinya. Na ce magidanci ranar hutunsa ta iyalinsa ce. Har yau ina kan wannan maganar, kuma ina faɗa wa samarinmu da ke nan su ji: wanda ya hana jikinsa hutu zai ga sakamakon. Amma ni ce ban san cewa aikin iyalin kake yi ba.

Faɗanmu mafi girma a kan taya ne, in har za a kira shi faɗa, tunda ni kaɗai nake magana.

Tun farkon aikin ka samu tayoyi da sauƙi a wani shago a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, sababbi fil, ko ƙasa ba su taɓa ba. Ka kawo su kana murna ka jera a jikin katanga. Shekara uku suna nan a rana suna jiran a gama ɗaki. Da aka gama, abokinka Alidu, mutumin Kumasi da ke aikin taya, ya zo ɗaura su. Ina zaune a inuwa ina tsince shinkafa, na ji komai. Ya tsuguna, ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya yi dariya.

"Massa, wa ya sayar maka da tsofaffin nan?"

Ka ce, "Tsofaffi kuma? Dubi zanensu."

Ya ce, "Zane ba ya faɗin shekara. Ga lamba huɗu nan. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Waɗannan sun tsufa a shago kafin ka saya, sun ƙarasa tsufa a gidanka. Kuma na ƙaramar mota ne, ba na kaya ba. Ka ɗora musu ɗakin nan ka hau kwaltar Saudiyya da rana, khalas, shi ke nan, sai dai mu ji labari."

Ka daɗe a tsugune kana kallon lambar. Washegari ka kwashe su. Na tambayi Haulat wa ka sayar wa, ta ce ba ka sayar ba. Ka sa Alidu ya tsaga gefen kowacce da wuƙa, don kada wani ya tsince su ya ɗaura wa motarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wannan almubazzaranci ne, kuma Allah ba Ya son almubazzarai. Na ce kaya sababbi, a yanka su kamar rago. Ka saurara kanka a ƙasa har na gama, ka ce, "Allah Ya huci zuciyar Mama," ka fita.

Yanzu na sake auna maganar. Mutum ya yi asara, yana da hanyar da zai tura asarar kan wani bawan Allah da bai iya karanta lamba ba, ya ƙi. Na yi shekara ashirin da shida ina buga takardu a ofishin ƙaramar hukuma, na ga manya da ƙanana, kuma zan iya ƙirga masu irin wannan halin da yatsun hannu ɗaya. Masu sayar wa 'yan'uwansu ruɓaɓɓen kaya suna rantsuwa da Allah, su ji tsoron ranar da za a karanta tasu lambar.

Kafin ka sayi wasu, sai ka ce dole ka san nauyin da za su ɗauka. Ka kai motar sikeli. Ka lissafa ruwa, tukunyar gas, buhun shinkafa, akwatuna, har keken Firdausi. Saura mutane. Wata safiya Haulat ta shigo ɗakina tana danne dariya, ta ce, "Mama, wai kilo nawa ce ke?" Na ce wa ke tambaya? Ta nuna tsakar gida da baki. Na ce ki gaya masa ni ba buhun masara ba ce. Ashe a katin asibitina kuka duba. A ranar ne ta gaya mini gaskiya: motar Umara ce. Tun ranar da na sauka daga jirgi ka ƙudurta za ka kai ni Makka ta ƙasa, a kwance, ƙafafuna a miƙe, a tsaya duk inda na ce a tsaya.

Ya kamata in yi godiya a ranar. Amma na riga na kira ta akurkin kaji a gaban mutane shekara uku, kuma janye magana yana yi mini nauyi. Na ce, "Allah Ya kai mu," na ci gaba da ninke kaya.

A watan Disamba ka ɗaura sababbi guda biyar, har da ta ko-ta-kwana, manya masu kauri, waɗanda Alidu ya ce ninki goma ne. Kun sa ranar tafiya a farkon Sha'aban. Sau biyu ka aiko Haulat in zo in ga cikin ɗakin, na ce ina da aiki. Ranar Juma'ar ƙarshe ka zo da kanka. Ka durƙusa daga nesa, hannunka duk baƙin mai, ka ce, "Mama, an gama. Da za ki leƙa ki sa mana albarka."

Na ce, "In na idar da abin da nake yi."

Zogale nake gyarawa. Na idar da shi tun kafin La'asar. Ban je ba. Ranar Talata aka kira Haulat a waya.

Bayan addu'ar bakwai wani ya aiko yana son sayen motar. Haulat ta ce a ba shi, ba za ta iya buɗe taga kullum ta gan ta ba. Yayanka ya ce daga Malumfashi duk abin da muka yanke ya yi. Alidu ya zo jiya da safe ya ce lallai a yanke shawara, domin taya ba ta son tsayuwa wuri ɗaya da kaya a kanta, za ta lotse, rana kuma ta cinye ta. Takabar Haulat ba za ta ƙare ba sai an shiga zafi da hidimar Hajji. Hanya ba za ta yi daɗi ba sai sanyi ya dawo. Wata goma ke nan.

Na ce wa Alidu ya ba ni makullin motar.

Matakala uku ka yi wa ƙofar, gajeru, daidai yadda nake iya ɗaga ƙafa. Akwai ƙarfen riƙewa a hannun hagu, domin ka lura da hagu nake dafa bango. Gadon ba shi da tsawo, kuma ka ɗaga wajen ƙafa da katako kamar yadda likita ya ce in riƙa yi. Ga wurin alwala a zaune. Ga ƙaramin aljihu a jikin bango, daidai girman robar maganina. A jikin katakon gadon akwai zanen fensir da ba ka goge ba, ka rubuta "tsawon Mama". Ban san yaushe ka auna ni ba, kai da ba ka taɓa kallona ba.

Na zauna a gadon har Alidu ya gaji da tsayuwa ya yi gyaran murya. Da na fito na ce ya nuna mini lambar. Na sa tabarau na karanta da kaina: 4624. Na ce, "Za su kai sanyi mai zuwa?" Ya ce, "Mama, in an ɗage motar a kan ƙarfe, aka rufe su daga rana, za su kai har su wuce." Na ce, "Kai za ka tuƙa?" Ya share fuska da hularsa ya ce shi da matarsa Fauzia duk za su je.

Na shiga wurin Haulat na ce mota ba ta sayarwa ba ce, in kallonta ne ba ta so, a ja labule. Na ce na fasa komawa Funtuwa bana. Ta yi kuka, ni ma ban hana ta ba. Yanzu haka motar tana tsakar gida a ɗage, tayoyinta a naɗe da tsofaffin zannuwana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Rukayatu da yayanka Malam Hambali da dukan dangi a Malumfashi, ga 'yata Haulat da jikata Firdausi, ga Alidu da direbobin da suka ɗauki gawarka. Hajiya, kin haifi ɗa, kuma ni shaida ce.

Ya Allah Ka jiƙan Ɗalhatu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa fiye da yadda ya so ya sanyaya mini hanya. Ka rubuta masa ladan Umarar da ya yi wa tanadi. Ka raya abin da ya bari. Ni kuma Ka yafe mini taurin kaina, Ka ba ni kwanakin da zan kai sanyi mai zuwa.

Ɗalhatu, na leƙa. Aiki ya yi kyau. Allah Ya yi maka albarka.

Maimunat Ɗantala Funtuwa
Mu'aither, Doha