Shekarar da Mangwaro Ya Fi Ƙarfin Baki

Warin tuffa ne ya tayar mini da wannan magana. Ba ƙanshi ba, wari, irin wanda ɗan itace ke yi in ya yi laushi yana neman ruɓewa. Babban ɗana yana sayar da kayan marmari a bakin tasha, nan Matameye. Wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya yi masa daɗin baki, ya sauke masa tuffa karto-karto, wadda yaran yanzu ke ce wa pom. Ga bazara, ga wuta ba ta zama, firigon da yake taƙama da shi ya koma akwati. Ya kwaso abarsa ya jibge mini a zaure, ya zauna ya yi tagumi. Ina shiga warin ya buge ni, sai ga ni a gindin mangwaron kakana, ƙafa ba takalmi, ƙuda na bin bakina.

Ni ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, kada ka jira tsari. Yadda abin ya zo mini, haka zan faɗa maka.

Muna da lambu a fadama. Rake ake shukawa, da ɗan tumatir da albasa a gefe. A tsakiyarsa, dab da rijiya, akwai wani ƙaton mangwaro da kakana ya dasa tun ba a haifi ubana ba. Ban riski kakan ba. Iccen na riska, da matarsa, kakata, wadda ke zaune a gidanmu. Mangwaron ba mai aure ba ne, na gargajiya ne, ƙanana masu zare, ka sha ɗaya ka wuni kana sakace. Amma zaƙi kam, ba a magana.

Ubana ba ya son iccen. Yana da hujja, ba zan yi masa ƙarya ba. Inuwarsa ta cinye kusan rabin wurin rake, duk abin da aka shuka a ƙarƙashinta sai ya fito siriri kamar mai jinya. Saiwarsa tana shan ruwan rijiya. In ya yi ƴaƴa kuma ba mai saye, don kowa a fadamar nan da nasa. Kowace shekara sai ya zube ya ruɓe, jemagu da ƙudaje su yi biki.

To, akwai shekarar da ya yi ƴaƴan da ban taɓa gani ba. Rassa har ƙasa, sai da aka tokare su da gwafa. A lokacin ba a barin yaro ya sha mangwaro sai ɗan yayyafin nan na bazara ya wanke shi, wai in ba haka ba zazzaɓi ne. Yayyafin na sauka, kamar jira yake yi, ya nuna gaba ɗaya. Kana tsaye za ka ji tim, tim, ta ko'ina.

Ubana ya dawo daga lambu wata rana, tafin ƙafarsa duk danƙo, ya tsaya a tsakar gida.

"Inna, in bana ma ya ruɓe a ƙasa, ana gama girbi zan sa masa gatari. Ban iya ciyar da ƙuda ina da ƴaƴa."

Ubana ɗan fari ne. Kakata ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar mutanen da ke nan. In tana da zance da shi, akuyarta take faɗa wa, wata ja mai karyayyen ƙaho da ke ɗaure a bakin ɗakinta. Ranar ma akuyar ta duba.

"Ke kin ji? Wanda ya dasa yana ƙasa, wanda ya tarar zai sare. To, ba zai ruɓe ba."

Daga nan gidanmu ya koma gidan mangwaro. Da safe mu yara mu je mu tsinto, kwando-kwando. Kakata ta zauna a kan turmi da ta kifa, tana rabawa. Masu ɗan tauri ta fere su, ta yanka sirara, ta shanya a tabarma bisa rufin soro, a sa ɗayanmu korar ƙuda da reshen dogonyaro. Ɗanyun da iska ta kaɗo ta yanka ta busar ta daka, ta ce za su tsaya a madadin tsamiya cikin kunu. Sun tsaya kuwa. Waɗanda suka yi luguf ta matse su cikin babbar tukunya, ta tace zaren da rariya, ta dafa ruwan yadda take dafa na ɗinya in za ta yi maɗi. Tukunyar farko ta kama, ta ƙone, gidan ya wuni yana ƙauri. Ta biyu ta yi kauri, baƙi-baƙi, muna lakata da yatsa. Ɓawo na awaki da tumaki ne, wanda ya fara lalacewa na jaki. Ƙwallayen ma ba ta zubar ba, ta tara su a bayan rumbu.

Mu kuwa an sake mana, sha iya cikinka. Da farko murna. Ba a jima ba bakin kowa ya yi ƙuraje, ƙanena ya kama zawo, akuyar kakata ma haka. Na kai in na ga mangwaro sai in kau da kai. Kakata ta miƙo mini wani, na ce na ƙoshi.

"Kai dai mijin banza ne," in ji ta. "Matarka na yaƙi kana cewa ka ƙoshi."

Iccen kuwa bai san ana yi ba. Ka kwashe da safe, la'asar ƙasa ta sake rufewa.

Sai ta koma ga kyauta. Ta fito da ƙoranta, waɗanda ke jere a ɗaka tun na aurenta, ta cika su, ta aike mu gidajen unguwa. Nan ne ta yi kuskure, ita da ta fi kowa sanin al'ada. A wurinmu ƙwarya ba ta komawa gida wayam. In an kawo maka abu, ko gishiri ne sai ka ɗan zuba a ciki. To, a wannan lokaci me ke hannun kowa? Na kai gidan liman, matarsa ta yi godiya, ta juye, ta shiga ɗaki ta ciko mini ƙwaryar da nasu mangwaron, har da ƙari. Gidan maƙeri haka, gidan wanzami haka. Kafin magariba abin da ke tsakar gidanmu ya fi wanda ya fita. Ubana ya shigo ya gani, ya yi dariya har da riƙe bango. Ban cika ganin dariyarsa ba, shi ya sa na riƙe wannan.

Kakata ta tattara ƙoranta. Washegari ta sa aka ɗaura wa jaki mangala, aka cika, ta ɗora ƙoran a sama, ta ce in kora. Ƙauyen da aka haife ta muka nufa, can kan tudu wajen Kurni, inda ba fadama, rijiyarsu ma sai igiya mai tsawo. Ta daɗe ba ta je ba. Tana tafe da sandarta tana faɗa da kanta: "Tsufa dai. Na kai wa masu rijiya ruwa, na bar masu ƙishi."

Can yara suka yanyame jakin. Akwai waɗanda ba su taɓa samun mangwaro guda nasu su kaɗai ba. Ta sauka gidan ƙanenta, ta cika ƙorai ta rarraba gida-gida. Kowace ƙwarya za ta fita sai ta ce wa ɗan aike: "Ka ce mai lambun ne ya aiko, yana gaishe su." Ni dai na san mai lambun, ubana, bai aiko kowa ba.

Sai dai bazara ce, rumbuna sun yi ƙasa, mutanen ba su da abin zubawa. Maido da ƙwarya wayam kuma abin kunya ne. Saboda haka suka riƙe ƙoran. Muka yi ta wannan zirga-zirga har jakin ya san hanya da kansa, ƙoran ɗakinta suka ƙare, ta ari na uwata.

Gaskiya ita ce duk da haka wasu sun ruɓe. Ƙarshen lokacin ƙarfinta ya gaza, ruwa ya sauka, kowa ya koma gona, gindin iccen ya yi ta wari. Ubana ya ce: "Mangwaro ya ruɓe, ƙorai sun tafi. Riba biyu." Da aka fara yankan gero ya kai gatarinsa maƙera aka wasa, ya jingine shi a zaure inda kowa zai gani. Kakata in za ta wuce sai ta kau da fuska. Ta rage cin abinci. Wani lokaci takan tafi lambu ita kaɗai ta zauna a gindin iccen, ba abin da take yi.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama ɗaurin gero, sai ga sallama. Ƙanen kakata ne, da jakai, da wasu dattawan ƙauyen. Suka sauke kaya a zaure, nan kusa da gatarin. Ƙoran nan ne suka dawo, ba wadda ta ɓata, kowace an rufe ta da faifai. Wannan wake, wannan gyaɗa, wannan sabon gero, wannan busasshiyar kuɓewa, wata tsohuwa ma daddawa ta ƙulla a ganye. Ba kakata suka nema ba. Ubana suka nema.

"Ɗana," in ji kawun nasa, "mata sun ce a gaishe ka. Ka tuna da mu lokacin da ba mu da komai. Yara har yanzu zancen iccenka suke. Allah ya raya shi, ya raya ka."

Dattawan suka ɗaga hannu suka yi ta sa masa albarka. Ubana ya durƙusa yana amin, amin, kansa a ƙasa. Me zai ce? Ya ce ba shi ya aika ba, ya ƙaryata uwarsa a gaban ƙanenta? Ko ya ce badi kada su sa rai? Ɗaya daga cikin dattawan ya dubi gatarin ya ce kai, wannan ya sha washi. Ubana ya ce itacen girki zai faskara.

Da yamma aka dafa waken. Yana cikin ci, kakata ta leƙo ta dubi akuyarta.

"Ke, tambayi mai gatari ko gishiri ya ji."

Ubana ya tauna, ya haɗiye. "Inna, kin ɗaure ni."

"Ni da akuyata nake," in ji ta, ta koma ɗaki.

Reshe ɗaya ya sare, wanda ya fi rufe raken. Daga shekarar nan kuma shi da kansa yake ɗaura wa jaki mangala duk bazara, yana yi yana mita, har ƙarfinsa ya ƙare.

Yanzu duk sun tafi, kakata da ubana da kawun nasa. Iccen yana nan, gefe guda ya bushe. Ni ma gwiwa ta fara ba ni labari, ba kullum nake zuwa lambun ba.

Tuffar ɗana kuwa, na ce masa ya tashi, tagumi ba ya hana ruɓa. Uwarsa ta yanke wuraren da suka yi baƙi, ta shanya wasu a kan rufin kwano, ta dafa wasu da citta da kanumfari ta ƙulla a leda, tumaki suka samu ɓawo. Masu kyan da suka rage na ce a zuba a robobi a kai ƙauyen nan na tudu. Ya ce: "Baba, wannan fa ba daga lambu ta faɗo ba, saye na yi." Na ce ƙuda bai san da haka ba. Ya ɗaura a moto, babur ɗinsa, ya tafi, yana mita. Muryar ubana sak.

Godiya ta zo ta salula tun kafin ya iso gida. Robobin ba su zo ba. Mutanen yanzu ban san su ba, mai yiwuwa an manta da yadda ake yi, roba kuma ba ƙwarya ba ce da za a ji nauyinta. Jiya ɗana ya ce mini tuffa ta tafi, robobi sun tafi. Na ce masa na taɓa jin wannan magana. Gero ko kai bai fitar ba tukuna.