Ranar da 'Yan Aji Uku Suka Zo Gonar Shinkafa

Sana'ata a ƙarshen damina koron tsuntsaye ce. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya ɗauka babban mutum ne ke magana. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma malamin ya fi ni shan wuya. Idan shinkafar fadamarmu ta bayan Gummi ta fid da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar nono, tsuntsayen jan-baki kan sauko mata kamar hayaƙi. Dole a sami mai zama a rumfa tsakiyar gona, yana jan igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye, yana ihu har rana ta faɗi. A sauran gidaje yara ke yi. A gidanmu ni ke yi, da gemuna fari fat.

Jikata a lokacin tana aji uku. Ubanta yana wajen haƙar zinari can ɓangaren Anka, sai salla-salla muke ganinsa, don haka duk abin da makaranta ke nema wurin uba ni ake tasowa. Malamarsu wata siririyar mace ce mai sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Ban taɓa ganin mai koyarwa irinta ba. Ran Litinin kowane yaro zai zo da wani abu daga gida a yi karatu a kansa. An taɓa ɗauke mini ƙwaryar shan fura yini guda, wai ana auna ruwa. Tsakiyar mako su duba waken da suka shuka a bakin taga, su gwada tsawonsa da tsinke. Ran Alhamis kuwa fita suke yi, su ziyarci sana'ar gidan ɗaya daga cikinsu. Ba sa nisa, tunda hanyoyin yanzu sai a hankali, amma sun je maƙera, sun je injin casar shinkafa, sun je bakin gulbi wurin masunta, sun je asibiti inda uwar wata yarinya ke auna jarirai. Duk Alhamis jikata kan dawo ta cika mana kunne har tuwo ya huce.

Wata Litinin ta dawo ta yar da jakarta a bakin ƙofa. Ta zauna gindin turmi tana tonon ƙasa da yatsa.

"Hajiya ƙarama, wa ya taɓa ki in je in rama miki da baki?" na ce.

"Malama ta ce Alhamis wurinka za a zo."

"Madalla. A zo a ga kyakkyawan tsoho."

"A ga mi? Gwangwani? Kowa nashi da inji, da jirgi, da wuta. Kai ko sai ihu." Ta share hanci. "Ni dai ba ni zuwa. Cewa za ni yi cikina na ciwo."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Yarinyar da ko zazzaɓi ba ya hana ta makaranta, yau ni ne zan hana ta. Kuma na san yara. Idan suka laƙa mata suna a kan gwangwanina, da shi za ta gama firamare.

Washegari na bar tsohuwata, uwargidana, a rumfa, na tafi makarantar. Na sami Malama tana ɗaure wa wani yaro igiyar wando.

"Malama, a tsallake gidanmu. Akwai ƙanena mai ɗinki, ga keke, ga zare kala-kala."

"Baba, ni wurinka nike son zuwa," ta ce, "kuma cikin wanga mako, tun tsuntsayen na nan. Ka fito yadda kake fita kullum, shi ke nan."

Na ce to. Amma tun da aka haife ni ban taɓa bin maganar malami yadda aka faɗa ba. Ran Alhamis na ciro babbar rigata ta Juma'a, na kafa hula, na shafa turare har tsohuwata ta tambaya ko zance za ni. Na shirya jawabi a kaina kan tarihin noman shinkafa tun zamanin kakanni, rabinsa gaskiya ne.

Da hantsi na hango su sun jeru a kan kunya, Malama a gaba riƙe da takalmanta a hannu. Jikata ce ta ƙarshe. Innarta ce ta koro ta, ta ja hijabi har kan hanci. Na sauko daga rumfa, na gyara murya, na soma. Ban kai ga kakana na biyu ba wani mai ƙaton kai, ɗan mai injin casa, ya ɗaga hannu.

"Malama, wanga ai aikin yara na. Ƙanena ma shi na yi."

Suka kwashe da dariya. Jikata ta juya baya tana kallon gari. Na jira Malama ta tsawata masa, ba ta yi ba.

"Gaskiyarka, aikin yara na," ta ce. "To yarinyar gidan tana ina kullum da safe?"

"Tana aji."

"Duk wanda bara ya bar zuwa makaranta lokacin tsuntsaye, ya ɗaga hannu. Ba duka za a yi ba."

Hannaye suka tashi a hankali, sun fi rabi.

"Na sani, don ni da bencina muka zauna. Ita ko ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Wa ya zauna mata a nan?"

Sai idanu suka dawo kaina. Gaskiya ne, da ubanta ya aiko a cire ta daga makaranta har a yi yankan shinkafa, ni na ce a bar ta, zan zauna. Amma kuma rumfar akwai iska, kuma aiken tsohuwata ba ya isowa can. Na so in faɗi wannan don a yi dariya a wuce wurin, sai na fasa.

Jan-baki kuwa ba ruwansu da karatu. Sun ji gona ta yi tsit, suka sauko ta gabas baki ɗaya. Ban san lokacin da na ƙwalla ihuna na kullum ba, na zabura zan kama igiya. Babbar riga ta harɗe mini ƙafa, na tafi gaba ɗaya cikin taɓo, hula ta yi nata wuri. Dariyar da aka yi har masu gonar maƙwabta sun miƙe suna leƙe.

Ina ƙoƙarin zaro hannu sai na ji gwangwanayen gabas sun ɗauka. Jikata ce a kan rumfa, ta yaye hijabi baya, tana fizgar igiya tana ihu irin nawa sak, har da karyewar muryar. Tsuntsayen suka tashi suka karkata kudu.

"Kai mai kai, kama waccan," ta ce wa ɗan mai inji. "Ba ja ɗaya ba, fizga ka saki."

Ya kama. Malama ta raba sauran kan igiyoyi kamar da ma haka ta shirya, ta kuma miƙo mini hannu ta cikin mayafinta ta taimaka na tashi, fuskarta ba alamar dariya, ko da yake kafaɗunta na rawa. Daga nan sai karatu. Ta sa suka gwada wanne ya fi ƙara, gwangwani mai tsakuwa ko maras komai. Ta sa suka tsinko kan shinkafar da tsuntsu ya tsotse da wanda bai taɓa ba, suka murza a tafin hannu. Ta sa suka yi shiru suka ga ta inda garken ke dawowa, kowa ya zana da tsinke a ƙasa. Duk tambayar da aka yi mini, sai ta ce a fara tambayar jikata, in ta kasa sannan ni. Ba ta kasa da yawa ba.

Da yamma na dawo gida na sami jikata tana wanke mini rigar a bakin rijiya.

"Tsoho, faɗuwar nan da gangan ka yi?"

"Da gangan mana. Ni da na yi kokawa a Bukkuyum?"

Ta kalle ni ta taɓe baki, ta ci gaba da cuɗa.

"Sun ce za su zo ran Asabar su taya ka. Na ce ba kowa ba, ni za ni zaɓa. Kuma ka sa tsohuwar rigarka, wagga ta yi maka yawa."