Muryar da Ban Ɗauka Ba

Satina biyu da fara sitaj, wato koyon aiki, wajen masu ɗaukar bidiyo muka tashi daga Damagaram zuwa arewacin Belbeji. Mu huɗu ne: shef ɗinmu mai jagorantar aikin, mai kamara, direba, sai ni. Mai ɗaukar sauti zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ya sa aka miƙo mini na'urarsa da doguwar sandar mikoro mai kama murya. A mota shef ya nuna mini jan maɓalli. In an danna sau ɗaya na'ura ta shirya, sai an ƙara dannawa take ɗauka.

Aikin a kan wata rijiyar makiyaya ne, mai zurfin da sai raƙumi ke jan gugarta. Bazara ce. Kowane gida da lokacin shayarwarsa, wani tsoho kuma ya yarda mu yi hira da shi a cikin nasa lokacin. Aka tsai da raƙumi saboda ƙarar igiya. Shanun tsohon suka yi cirko-cirko suna lasar busasshen kwamin shan ruwa. A bayanmu wani garke na jira, mai shi wani dogon mutum, ya jingina da sanda yana kallonmu.

Tsohon ya ba da labarin shekarar da ya iso rijiyar nan da garke guda, ya koma gida da karsana ɗaya. Da ya zo kan saniyar da mahaifiyarsa ta bar masa, muryarsa ta yi rawa. Hannuwana sun sage, amma ban motsa sandar ba.

"An gama!" in ji shef, yana murmushi.

Na duba na'ura. Fitila na ƙiftawa, lambobi na nan a sifili. Sau ɗaya na danna.

Mai kamara har ya fara naɗe waya. Raina ya ce in yi shiru sai mun koma gida, in ce na'ura ce ta lalace. Amma na bi shef bayan mota.

"Shef, sautin bai shiga ba."

"Wane ɓangare?"

"Duka."

Bai yi tsawa ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Ke za ki faɗa wa tsohon," ya ce.

Na je na durƙusa gaban tsohon. "Baba, laifina ne. Maganarka ba ta kama ba. Ko za a sake?"

Kafin ya amsa, dogon nan ya iso. "Wallahi ba mai sake tsai da raƙumin nan. Tun jiya dabbobina ba su ga ruwa ba, kuna nan kuna wasa da waya!" Ƴan'uwansa biyu suka matso. Na ji direba ya tada mota.

Tsohon ya dube ni. "Tashi, ƴata," ya ce. "Gaskiyarsa ce. Bari dabbobi su sha, in na yi azahar mu gani."

Muka zauna a inuwar mota. Direba ya miƙo mini ruwa, na ajiye a gefe. Ina ta kallon tsohon, ina tsoron in ga ya kora shanunsa ya tafi.

Bayan azahar ya zo da kansa, ya zauna gindin wata aduwa nesa da rijiya. Na danna, na ƙara dannawa, na ga lambobi na tafiya, sannan na ɗaga sanda. Ya maimaita labarin a taƙaice, da murya a dake. Saniyar mahaifiyarsa bai ambace ta ba, shef kuma bai tambaya ba.

A hanyar komawa shef ya sa abin ji a kunne ya saurara har ƙarshe. Sai da muka hau kwalta ya juyo.

"Ba iska a ciki, ya fita tas," ya ce. "Gobe ƙarfe shida za mu tashi zuwa Tanout. Ki caja batir."