Ranar da Tsinke Ya Maƙale a Bakin Tanki

Shekara goma sha ɗaya Tsinke ya yi yana wanke tankin ruwa, kuma duk unguwar babu wanda ya san cikin tankunan mutane kamarsa. Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi, lokacin da in ya tsaya a karkace sai ka sake dubawa kafin ka gan shi. Wannan ramar ita ce jarinsa. Masu gyaran famfo sukan leƙa bakin tanki su zura tsintsiya su kaɗa sama-sama, shi kuwa sai ya tuɓe riga ya sulale ciki kamar ƙadangare.

Aikinsa da tsari yake. Zai kashe injin jawo ruwa, ya rufe bututun da ke sauka cikin gida, ya zubar da ruwan, ya wanke ƙafafunsa har gwiwa kafin ya shiga. Kayansa ba su da yawa: buroshi, soso, bokiti, tocila da robar kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Baki kuwa, ba a magana. Daga cikin tankin za ka ji muryarsa tana amsa-kuwwa yana yi wa masu gida karatu.

"Kuna ganin ruwa fari tas sai ku ce lafiya lau. Taifot ba shi da launi, kwalara ba ta da wari. Atini, shawara, tsutsar ciki, duk ta kofi suke shigowa, kuma ba sa sallama."

In aka ce, "Likita, a ina ka yi karatu?" sai ya ce, "A cikin tankinku, kuma kullum ni ke zuwa na ɗaya, don ni kaɗai ne a ajin."

Sai dai tun da ya yi aure hankalinsa ya kwanta, Tsinke ya fara ƙorafin cewa kamfanoni sun lalace, suna rage bakin tanki. Duk wanda ya ji sai ya kalli tumbinsa ya kau da kai. Shi kuwa hujjarsa ɗaya ce: wandon aikinsa na tun yana gwauro har yau yana shigarsa daidai.

Wata Talata da hantsi Gwaggo, mai gidan hayan nan mai hawa biyu, ta aika a kira shi. Jikarta 'yar shekara shida ta kwana uku a asibiti da taifot, ga mutum biyu a cikin 'yan haya suna ta zarya a banɗaki. Nas ɗin da ke duba yarinyar ce ta ce a bincika ruwan gidan.

"Gwaggo, yaushe rabon a wanke shi?" Tsinke ya tambaya suna hawan bene.

"Ɗan nan, abin da kullum ruwa ke cikinsa, wankin me kuma?"

Tsinke ya ci gaba da hawa. A saman rufin ya tarar da tankin baƙi a kan 'yar dakali, murfinsa ya dare gida biyu, rabi ma iska ta yar da shi can gefe. Ya zubar da ruwan, ya tuɓe riga, ya hau. Ƙafafu suka shige. Ƙugu ya shige da ɗan lallami. Da aka zo kan tumbi sai tanki ya ce bai san zancen ba.

Ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Ya yi ƙoƙarin komawa sama, nan ma babu hanya. Ga shi nan rabi a ciki rabi a waje, ƙafafu na lilo a duhu, rana na dukan ƙeyarsa.

Wani direban tasi da ke haya a ƙasa ya hawo ya ga abin da ake ciki, ya riƙe ciki yana dariya har da durƙusawa.

"Yallaɓai, ai Gwaggo ta huta sayen murfi. Ka zauna daidai, ko ƙuda ba zai shiga ba!"

Tsinke ya yi yaƙe. Zafin robar da ke cizon haƙarƙarinsa bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, in labari ya zagaya cewa Tsinke ba ya shiga tanki, to me ya rage masa? Bai iya tuƙin mota ba, bai iya saye da sayarwa ba, makarantar ma aji uku ya yi ya sallame ta. Shigar nan ita ce sana'ar.

Direba ya buga wa matar Tsinke waya. Tela ce, shagonta layi biyu ne daga nan, sai ga ta ta iso tana haki da tef a wuya.

"Baban yara, me zan gani haka?"

"Kamfanin nan ne, na sha gaya miki suna rage…"

"Babu ruwan kamfani." Ta rage murya, amma kowa ya ji. "Sau huɗu ina farke wandon nan ina ƙara masa ƙyalle. Ba ka taɓa lura bayansa kala biyu ne ba?"

"Wa yake ganin bayansa? Me ya hana ki gaya min?"

"Kana cin abincinka kana murna, sai in ɓata maka rai?"

Gwaggo ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Direba ya naɗe hannun riga ya kama Tsinke zai finciko shi waje.

"Tsaya!" in ji Tsinke. Tun ɗazu wani wari ke tasowa ta ɗan saƙon da ya rage, kuma warin ya san shi. "Kada ku jawo ni. Ku tura ni ciki. Maganar fita sai an gama aiki."

Matarsa ta karɓo sabulu da ruwa ta murje masa ciki da baya har ya yi kumfa. Ta ce ya ɗaga hannu sama, ya fitar da numfashi duka. Direba ya dafa kafaɗunsa ya danna. Sai ji aka yi suluf, sannan tim.

"Kana da rai?" Direba ya leƙa.

"Miƙo tocila da bokiti."

Bokitin farko laka ce baƙa mai yauƙi. Na biyu ma haka, da gansakuka. A na uku ne aka ga fuka-fukai, da abin da ya rage na tattabaru biyu. Gwaggo ta yi salati ta zauna a kan dakali. Direba, wanda da ruwan nan ya kurkure baki da safe, dariya ta ɗauke masa ɗif.

Awa biyu Tsinke ya yi yana gurza, muryarsa ta dawo daidai.

"Gwaggo, kina ji na? Daga yau ruwan sha a tafasa shi sai ya yi ta ɓararraka, a zuba a abu mai murfi, kada kowa ya tsoma kofi da hannunsa a ciki. Masu gudawar nan a sayo musu garin gishiri da sukari na kemis a dama da tafasasshen ruwa, in bai tsaya ba a tafi asibiti, kada a jira. Wankin hannu da sabulu bayan banɗaki da kafin cin abinci, har da kai Direba!"

"Ni me na yi?"

"Ka danna ni da ƙarfi."

Fitowa ta zo da sauƙi, gumi da kumfa suka taimaka, ko da yake ya bar 'yar fata a bakin tankin. Ya ɗauraye shi, ya cika, ya auna kulorin ya zuba, ya ce a bar shi ya kwana, gobe zai dawo ya zubar ya sake cikawa. Ya kuma ce ba zai buɗe bututun da ke sauka cikin gida ba sai ya ga sabon murfi da idonsa.

"Za ka gani," in ji Gwaggo. "Kuma duk wata shida ka zo, ko ban aika ba."

"In na shige, Gwaggo."

Matarsa ta matso. Ta zare tef daga wuya ta zagaya tumbinsa, sannan ta hau dakali ta zagaya bakin tankin, ta haɗa lissafi da yatsu.

"Inci biyu ne kawai tsakaninku. Ka daina ƙari da daddare, ka riƙa barin babur a gida."

"Daga gobe."

"Daga yau."

Ran Juma'a aka sallamo jikar Gwaggo, ta tarar da babbar tukunya a kan wuta da sabon murfi a kan tanki. Tsinke kuwa har yanzu yana shiga tankunan unguwar. A wata uku ya rage inci ɗaya, ya yi ta shela kamar ya ci jarrabawa. Ɗaya incin, sabulu ne ke rufa masa asiri.